Alamomin Aiki Marasa Ma'ana a Harsunan Kwamfuta da Abin da Suke Nuna wa Ɗalibin Kimiyyar Harshe

Gabatarwa

Idan aka rubuta 2 + 3 a cikin manhajar lissafi ta Mathematica, nan take za ta mayar da 5. Idan kuwa aka rubuta 2 ⊕ 3, wato aka sauya alamar tarawa da wata mai kama da ita wadda da'ira ta kewaye, manhajar za ta mayar da 2 ⊕ 3 yadda aka ba ta. Ba za ta ce an yi kuskure ba, ba kuma za ta kawo amsa ba. Ta karanta rubutun, ta gane alamar, ta gane abin da ke hagunta da abin da ke damanta, amma ba ta da aikin da za ta yi da su, domin waɗanda suka tsara harshen sun bar alamar babu ma'ana da gangan.

Wannan al'amari ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe ta fuska biyu. Ta farko, yana fito da bambancin da ke tsakanin ginin jimla da ma'ana a fili, bambancin da ake shan wahalar nunawa da misalan harshen ɗan Adam. Ta biyu, ɗaliban da ke nazarin Hausa da sauran harsunan ƙasa sun fara amfani da kwamfuta wajen li'irabi da tattara kalmomi, kuma wanda bai san halin irin waɗannan alamomi ba yana iya samun sakamako na kuskure ba tare da na'urar ta gargaɗe shi ba.

Mece ce alamar aiki?

Alamar aiki ita ce alamar da ake sanyawa kusa da abu ɗaya, ko tsakanin abubuwa biyu, don a nuna cewa za a yi musu wani aiki, kamar + da − da ×. Kowace alama irin wannan tana da abubuwa uku: siffarta ta rubutu, gurbinta a cikin jeri, da kuma ma'anarta.

Gurbi ya ƙunshi yawan abubuwan da alamar ke buƙata da kuma gefen da suke tsayawa. Wannan ya yi daidai da abin da Lucien Tesnière ya bayyana game da aikatau a littafinsa na ginin jimla da ya fito a 1959, inda ya nuna cewa kowane aikatau yana da adadin abokan tafiya da yake nema. A Hausa, "zauna" yana neman mai aikatawa kaɗai, "kama" yana neman mai aikatawa da karɓau, "ba" kuma yana neman uku: mai bayarwa, wanda aka ba, da abin da aka bayar.

Gurbi ya kuma ƙunshi fifiko, wato wace alama ce ke fara riƙe maƙwabtanta idan biyu suka haɗu a jeri ɗaya. Ƙidayar Hausa tana da wannan tsari tun kafin zuwan boko. Duk Bahaushen da ya ji "ɗari biyu da uku" ya san 203 ake nufi. Jeranta "ɗari" da "biyu" ninkawa ne, "da" kuma tarawa ce, kuma ninkawa ke fara riƙo. Da a ce "da" ce ke da fifiko, da an fara haɗa biyu da uku, lissafin ya koma 500. Inda harshe bai tsayar da fifiko ba, sai harshen damo ya shigo. "Tsofaffin maza da mata" tana iya nufin mazan kaɗai ne tsofaffi, tana kuma iya nufin duka ɓangarorin biyu. Harshen kwamfuta ba ya lamuntar irin wannan, saboda haka tilas kowace alama ta sami matsayinta a jerin fifiko kafin a karanta ta.

Yadda abin yake a harshen Wolfram

Stephen Wolfram ya fitar da Mathematica a 1988, kuma harshen da take aiki da shi shi ne aka raɗa wa suna Wolfram daga baya. Fitowa ta uku ta manhajar, a 1996, ita ce ta zo da damar rubuta alamomin lissafi na musamman kai tsaye. A cikinsu akwai rukuni guda da bayanan manhajar suka ambata a fili cewa ba a gina musu ma'ana ba, kamar ⊕ da ⊗ da ⊙ da ⋄.

A wannan harshe, duk abin da aka rubuta ana mayar da shi zuwa siga ɗaya: kai, sannan abubuwan da ke ƙarƙashinsa. Rubutun 2 + 3 yana komawa Plus[2, 3], rubutun 2 ⊕ 3 kuma yana komawa CirclePlus[2, 3]. Wannan shi ne matakin li'irabi, kuma duk wanda ya taɓa zana bishiyar li'irabi zai gane shi: kai a sama, rassa biyu a ƙasa. Bayan li'irabi sai manhajar ta duba ko akwai wata doka da aka ajiye wa wannan kai. Plus yana da dokoki, don haka ake samun 5. CirclePlus ba shi da ko ɗaya, don haka bishiyar ke dawowa yadda take.

Duk da rashin ma'ana, nahawun alamun cikakke ne. Alamar ⊗ ta fi ⊕ ƙarfin riƙo, kamar yadda ninkawa ta fi tarawa. Idan aka rubuta a ⊕ b ⊗ c, manhajar za ta fara haɗa b da c a ƙarƙashin ⊗, sannan ta haɗa su da a. Ta san wanda ke gaba da wanda ke baya, alhali ba ta san aikin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai amfani da manhajar shi ne ke ba da ma'ana, kuma layi ɗaya ya wadatar. Alal misali:

x_Integer ⊕ y_Integer := Mod[x + y, 12]

Wannan layi yana cewa, duk inda aka ga cikakkun lambobi biyu da ⊕ a tsakaninsu, a tara su, a raba da 12, a ɗauki ragowar. Lissafin agogo ke nan: ƙarfe 9 da awa 5 a kai ƙarfe 2 ne, saboda haka 9 ⊕ 5 zai ba da 2. Mai nazarin ginin kalma kuwa yana iya rubuta:

x_String ⊕ y_String := StringJoin[x, y]

Daga nan alamar ta zama mai liƙa rubutu da rubutu. "gida" ⊕ "n" zai ba da "gidan", "mota" ⊕ "r" ya ba da "motar". Dokokin biyu suna iya zama tare a kan alama ɗaya, irin abin da ke gefenta ne ke tantance wadda za ta yi aiki, kamar yadda "ci" ke sauya ma'ana tsakanin cin tuwo, cin jarrabawa da cin amana. Idan kuma dokoki biyu suka dace da abu guda, manhajar kan fara gwada wadda ta fi keɓanta kafin ta gama-gari. Masu nazarin tsarin sauti sun san wannan ƙa'ida, wadda Paul Kiparsky ya tattauna a 1973, ake kuma danganta asalinta ga Panini, manahawancin Sanskirit.

Alamar + ba ta da wannan ƴanci. Harshen ya kulle ta, kuma duk wanda ya nemi ya ɗora mata sabuwar doka, manhajar za ta ƙi sai ya cire kullin da hannunsa.

Dalilin barin alama babu ma'ana

Dalili na farko shi ne, masana da kansu ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. A aljabra, ⊕ tana nuna wata hanyar haɗa tsarin lissafi biyu su zama ɗaya babba. A mantiƙin na'ura da fasahar ɓoye saƙo, tana nufin "ko wannan ko wancan, ban da duka biyun". Masu ilimin taurari kan yi amfani da ita a matsayin alamar duniyar da ake zaune a kai. A ƙa'idar nahawu ta Carl Pollard da Ivan Sag, wadda babban littafinta ya fito a 1994, ⊕ tana nufin ɗora jerin abubuwa a bayan wani jeri. Da masu tsara harshen sun zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, da sun toshe wa sauran hanya.

Ko alamun da ake ɗauka tamkar da ma'anarsu aka halicce su, tarihi ya nuna ɗora musu ita aka yi. Alamomin + da − sun fara bayyana a bugaggen littafi a 1489, a littafin lissafin ƴan kasuwa na Johannes Widmann da aka buga a Leipzig ta ƙasar Jamus, kuma a can rara da giɓi suke nunawa. Robert Recorde ya kawo = a 1557, William Oughtred kuma ya yaɗa × ta hanyar littafinsa na 1631. A kimiyyar harshe ma haka abin yake. Tauraron da ake sanyawa a gaban jimla yana nufin ba ta karɓu ba. A gaban kalma a nazarin tarihin harshe yana nufin sigar da aka sake ginawa, wadda ba a same ta a rubuce ba. A jadawalin ƙa'idar da Alan Prince da Paul Smolensky suka gabatar a 1993 yana nufin an karya wani sharaɗi. Alama ɗaya ce, sashe ɗaya na jami'a, ma'ana uku.

Dalili na biyu na aiki ne. Tsarin fifiko yana cikin ɓangaren da ke karanta rubutu, kuma taɓa wannan ɓangare yana iya sauya yadda ake karanta duk abin da aka rubuta a baya. Ƙara doka ga wani kai kuwa ba ya shafar karatun komai. Saboda haka aka tsayar da nahawu sau ɗaya, aka bar ƙamus a buɗe.

Yadda wasu harsuna suka yi

Harshen Julia, wanda aka bayyana wa duniya a 2012, ya tanadi alamomi masu yawa irin waɗannan. A cikinsa ⊕ tana sahu ɗaya da +, ⊗ kuma tana sahu ɗaya da alamar ninkawa. Bambancinsa da Wolfram shi ne, idan aka rubuta 2 ⊕ 3 kafin a ba alamar ma'ana, Julia za ta karanta jerin lafiya, amma da ta zo aiwatarwa za ta tsaya ta ce ba ta san wannan suna ba.

Python, wanda ɗalibai da yawa ke farawa da shi, yana da misali guda. A 2015, a fitowa ta 3.5, aka ƙara masa @ a matsayin alamar aiki, da niyyar a riƙa ninka jadawalan lambobi da ita. An ba ta fifiko daidai da na ninkawa, amma babu ko ɗaya daga cikin ginannun nau'o'in bayanai na harshen da ya san ta. Rubuta 2 @ 3 kuskure yake jawowa. Ɗakunan kayan aiki na waje irin su NumPy ne suka cika ta da ma'ana.

Prolog ya fi kowanne kusa da kimiyyar harshe, domin Alain Colmerauer da Philippe Roussel sun samar da shi a 1972 a Marsey ta Faransa, a cikin wani aiki na sa kwamfuta ta fahimci jimlolin Faransanci. A Prolog mutum na iya ƙirƙirar alamar aiki daga kowace kalma, ya ba ta lambar fifiko tsakanin 1 da 1200, inda ƙaramar lamba ta fi ƙarfin riƙo. Idan aka rubuta

:- op(700, xfx, ci).

to daga nan "audu ci tuwo" ya zama karɓaɓɓen jeri, kuma ana karanta shi a matsayin ci(audu, tuwo). Ba a gaya wa na'urar komai game da cin abinci ba, an dai gaya mata inda kalmar ke tsayawa. Hatta + a Prolog ba ta tara komai da kanta. Rubuta X = 1 + 2 yana mayar da 1 + 2 a matsayin gini, sai an rubuta X is 1 + 2 ake samun 3.

Kwatanci da harshen ɗan Adam

Ba haɗuwar katsaham ba ce ta sa wannan tsari ya yi kama da darasin nahawu. Salon da John Backus da Peter Naur suka yi amfani da shi wajen rubuta nahawun harshen ALGOL a 1959 da 1960 daidai yake da ɗaya daga cikin nau'o'in nahawu da Noam Chomsky ya rarrabe a 1956. A littafinsa na 1957, Chomsky ya nuna cewa jimla na iya cika ƙa'idar nahawu ba tare da ta ba da ma'ana mai kan gado ba. "Laraba ta auri inuwar gishiri" jimla ce ta Hausa, ko da yake babu wanda zai iya cewa ga abin da ya faru. "Auri gishiri ta inuwar Laraba" kuwa ba jimla ba ce.

Sai dai a wannan misali kowace kalma tana da ma'anarta, karo kawai suka yi da juna. Abin da ya fi kusa da ⊕ shi ne ƙagaggiyar kalma, irin wadda Jean Berko ta yi amfani da ita a 1958 a Amurka, lokacin da ta nuna cewa ƙananan yara na iya yi wa sunan da ba su taɓa ji ba jam'i daidai da ƙa'ida. Ana iya yin wannan gwaji da Hausa. A ƙaga aikatau "nalba", a ce "Audu ya nalba tukunya". Mai sauraro bai san abin da ya sami tukunyar ba, amma ya san Audu ne ya aikata. Idan aka ce "ya nalbo ta", zai fahimci cewa abin ya nufo wajen mai magana. "Ya nalbe ta" na nuna an yi aikin gaba ɗaya, "ta nalbu" na nuna aikin ya kama tukunyar sosai, "ya nalbar da ita" kuma na nuna ya rabu da ita ko ya sa abin ya same ta. Zai kuma iya kiran mai wannan sana'a "manalbi", mace "manalbiya". Azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960 su ne ke yin wannan aiki: saiwar fanko ce, amma ɗafa-ƙeya da karin sauti suna ɗauke da nasu kason na ma'ana.

A nan bambanci ya bayyana. A harshen ɗan Adam gurbi ba ya zama fanko ƙwarai, domin mai sauraro yana cika shi da zato daga sigar kalma da kuma muhallin magana. Ko "wane" da "wance" da "kaza", waɗanda aikinsu riƙe wuri ne, suna faɗin wani abu: na farko namiji ne, na biyu mace, na uku abu. Na'ura ba ta zato. A wurinta ⊕ ba ta da wata dangantaka da tarawa, ko da yake ido yana ganin alamar tarawa a cikin da'irar.

Wannan ya taɓa wata tsohuwar mas'ala. A darussan Ferdinand de Saussure da ɗalibansa suka sa aka buga a 1916, alama tana da fuska biyu, mai nuni da abin nuni, kuma ɗaya ba ta tsayuwa sai da ɗaya. To, ⊕ kafin a ba ta doka, alama ce ko rabin alama? Amsar tana cikin wani bambanci da Saussure ya yi da kansa, tsakanin ma'anar alama da ƙimarta, wato matsayin da take samu daga bambancinta da sauran alamun tsari guda. ⊕ ba ta nuni ga komai a waje, amma na'urar ta san ita ba ⊗ ba ce, ta san wadda ta fi wata riƙo, ta kuma san a ⊕ b daban yake da b ⊕ a. Tana da ƙima ke nan, ma'ana ce ba a ba ta ba tukuna.

Wuraren da ake tuntuɓe

Wuri na farko shi ne ɗaukar cewa alamar ta gaji halayen wadda take kama da ita. Kama da wane ba ta wane. A tarawa, sauya jeri ba ya sauya amsa: 2 + 3 daidai yake da 3 + 2. Harshen Wolfram yana da wata sifa mai suna Orderless da ake ɗora wa alama don a ce jeri bai dame ta ba, kuma da zarar an ɗora ta, manhajar kan jera abubuwan bisa tsarin abacada kafin ta yi aiki. Ɗalibin da ya ɗora wannan sifa a kan ⊕ mai liƙa gaɓoɓi, don ganin ta yi kama da +, idan ya rubuta "sa" ⊕ "ma" zai sami "masa" a maimakon "sama". Babu gargaɗin da zai fito, tun da "masa" ma sakamako ne da ya bi doka.

Wuri na biyu shi ne yawan abubuwa. A Wolfram, a ⊕ b ⊕ c ana karanta shi ne a matsayin kai ɗaya mai rassa uku. Dokar da aka rubuta wa abubuwa biyu ba za ta dace da shi ba, sai jerin ya dawo yadda aka rubuta shi, shiru. Idan hakan ya faru a tsakiyar aiki mai kalmomi dubbai, zai iya wucewa ba a lura ba har ya shiga cikin ƙididdiga. Julia kuwa tana karanta wannan jeri biyu-biyu daga hagu, saboda haka rubutu iri ɗaya yana da bishiya daban a harsunan biyu.

Wuri na uku shi ne haɗa aikin mutum biyu. Idan wani ya ba ⊕ ma'anar liƙa rubutu, abokin aikinsa kuma ya ba ta wata ma'ana a kan irin waɗannan abubuwa, to a zama ɗaya dokar da aka shigar daga baya za ta maye gurbin ta farko. Ƴan kasuwar kan iyaka sun san irin wannan matsala. Jika a kasuwar Maraɗi sefa 1000 ce, jaka a bakin ɗan kasuwar Kano kuwa naira 200 ce, kuma cinikin da aka ƙulla ba a tantance wadda ake nufi ba yana ƙarewa da gardama.

Kammalawa

Alamar aiki marar ma'ana tana nuna cewa ana iya kammala nahawun alama, wato siffarta, gurbinta da fifikonta, kafin a ce komai game da abin da take nufi. Tana kuma nuna cewa wannan rabuwa, wadda cikakkiya ce a wurin na'ura, ba ta cika a wurin mutum, domin mai karatu yana zuwa da zatonsa. Saboda haka nauyin yana kan wanda ya ba alamar ma'ana. Ɗalibin da ya yi amfani da irin wannan alama a manhaja ya kamata ya rubuta dokarta a farkon aikin, ya faɗi ko jeri ya dame ta, ya gwada ta da abu biyu da kuma abu uku kafin ya saka mata tarin bayanansa. Wanda ke rubuta kundin digiri ma haka: tauraro, kibiya da alamar tarawa da ke tsakanin ƙwayoyin ma'ana duk suna buƙatar shafin da zai bayyana abin da kowace ke nufi a cikin wannan kundi, tun kafin misali na farko.